Kolo a Bakin Rijiya

Idan ka shiga kasuwar Diffa ta wajen da ake sauke buhunan tattasai, ka bi layin masu gyaran waya har ƙarshe, za ka tarar da wata rumfa da ba ta da allo. Ta Zakariya'u ce. Rediyo yake gyarawa, da tocila, da fitilun sola. Rediyon mahaifina ce ta fara kai ni wurinsa, ta shekara tana gyaruwa tana sake lalacewa. Shi ba mai gaggawa ba ne, ni kuma zama bai dame ni ba. Haka na ji labarin nan, kaɗan-kaɗan.

Mahaifinsa Badamagare ne, ya zo Diffa ya buɗe kantin shinkafa da sabulu. Zakariya'u bai yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba. Ranar da ya kwance agogon bangon gidansu, alhali lafiyarsa ƙalau, mahaifin ya ce wannan ba zai tsare kanti ba, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai gyara. Yanzu ya haura arba'in, da mata da 'ya'ya huɗu, furfura ta fito masa a gefe ɗaya na gemu.

A ƙasan teburinsa akwai gwangwanin madara, a ciki kuma, naɗe da tsumma, akwai 'yar na'urar wasa ta hannu irin ta da, mai kauri kamar tubali, mai cin pil huɗu, wato batir. Cikin kayan gwanjo daga Maiduguri ta zo masa, kusan shekara ashirin ke nan, da kaset guda uku. Biyu na tsere ne da dambe. Na ukun wasa ne na tafiya: kana da ɗan mutum ƙarami, kana yawo da shi gari-gari, mutane suna ba ka saƙo kana cikawa.

Rubutun wasan duk Ingilishi ne, shi kuwa Faransanci ya ɗan taɓa. Nan Kolo ya shigo.

Kolo Babarbare ne, manomin tattasai daga wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, gabas da gari. Duk Talata yakan kawo kaya kasuwa, ya biyo ta rumfar a ɗaura masa wayar tocila. Ya yi shekaru yana kai tattasai tsallaken kogi, ya tsinci Ingilishin kasuwa. Wata Talata ya leƙa ta kafaɗar Zakariya'u ya ce, "Ɗan kanti, tsohon nan cewa yake ka bi yamma, kai kuma sai gabas kake yi kamar jakin da ya ji ƙamshin dusa."

"To Babarbare, tunda ka iya, karɓi."

Kaset ɗin wurin ajiye inda aka tsaya a wasa ɗaya yake da shi, suna ɗaya. Kolo ya sa nasa, ya ce sunan abokinsa ya yi tsawo, kafin a gama rubuta shi kasuwa ta tashi. Daga ranar suka zama mutum ɗaya a cikin wasan. Kolo yana karantawa, Zakariya'u yana dannawa, sai sun ji direban motar ƙauye yana ta kiran Kolo, mai buhu goma sha biyu.

Cikin shekara biyu suka gama babban labarin, suka kashe dodon ƙarshe. Amma saƙo ɗaya ya rage. A can gefen taswira akwai wani ƙauye da babu kowa a cikinsa. Ƙofofi a buɗe, tukunya a kan wuta tana hayaƙi, rijiya a tsakiya. Wata tsohuwa ce kaɗai zaune a wajen gari, tana cewa ta tafi itace ta dawo ba ta tarar da kowa ba, a nemo mata inda mutanenta suka tafi. An warwatsa wasiƙu bakwai a duniyar wasan, kowace da guntun bayani. Sun samu shida.

Shekara shida suka yi suna neman ta bakwai. Kolo ya sayi littafin rubutu na 'yan lakwal, ya zana kowane gida da kowane dutse. Zakariya'u ya nuna mini shi. Akwai shafin da aka rubuta tambayoyi kawai. Me ya sa ƙararrawar garin ba ta da harshe? Wa yake ƙara wa tukunyar itace? Wasiƙa ta huɗu ta ce "mun ji su da rana", su wa aka ji?

Sun yi ta gardama. Zakariya'u ya ce kwashe mutanen aka yi. Kolo ya ce a'a, da ƙafarsu suka tafi.

"Dubi awakin," in ji shi. "Ga turke, ga igiya a ƙasa, awaki suna yawo. Ɓarawo ba ya kwance akuya ya bar ta. Mai ita ne yake kwance ta, in ya san ba zai dawo da wuri ba, don kada ƙishirwa ta kashe ta a ɗaure. Ku mutanen kanti ina za ku san wannan? Sabulu ba ya jin ƙishirwa."

A farkon shekarar 2015, lokacin da tashin hankalin 'yan bindiga ya tsallako kogi, Kolo ya zo wata Talata da buhu uku kacal. Bai yi wasa da dariya sosai ba. Ya karɓi na'urar da kansa, abin da bai saba ba, ya kai ɗan mutumin ƙauyen nan, ya tsayar da shi a bakin rijiya, ya ajiye.

"Na gane inda ta bakwai take," ya ce. "Yau ba lokaci, mota za ta tashi da wuri. Kada ka taɓa min shi sai na dawo."

"Faɗa min mana."

"In faɗa maka ka ce kai ka gano?"

Bai dawo ba. Kwana biyar bayan haka mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka shiga yankinsu, ƙauyuka suka watse. Ƙanwarsa Gaji da mahaifiyarsu sun fita tare da jama'a, Kolo ya ce su yi gaba, zai biyo su. Ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ga wanda ya gan shi a raye ba.

Bayan kamar mako uku Zakariya'u ya bi wata motar da ta je kwaso kayan mutane. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ya riga ya san wurin tun a cikin wasan. Ƙofofi a buɗe. Tattasai a shanye a ƙasa, ja wur, ba mai tsarewa. A gidan Kolo ga turke, ga igiya a kwance, ba yanka ta aka yi ba, warware ta aka yi a hankali. Ya tsaya yana kallon igiyar har direba ya yi masa oda.

Tun daga nan, lokaci-lokaci, idan rumfa ba kowa, yakan kunna na'urar. Sunan yana fitowa, sai ɗan mutumin a bakin rijiya, fuskarsa tana duban arewa. Ba ya danna komai. Yakan duba ya kashe. Ya ce ya yi shekaru yana tunanin ko tsayuwar da kanta ce amsar: me ya sa arewa, me ya sa gefen hagu na rijiyar?

Wani ɗalibin jami'a da ya kawo gyaran caja ya taɓa ganin wasan, ya bincika a wayarsa, ya ce masa masu yin wasan ba su ƙarasa wannan saƙon ba, lokaci ya ƙure musu, wasiƙa ta bakwai ba ta cikin kaset ɗin sam. Zakariya'u ya saurare shi har ƙarshe, ya miƙa masa cajarsa. Da na tambaye shi ko ya yarda, sai ya ce, "Wataƙila. Amma shi bai san Kolo ba."

Matsalar da ta taso bana ta pil ce. A cikin kowane kaset akwai ɗan pil mai faɗi kamar kwabo, shi yake riƙe da abin da aka ajiye. Ranar da ya mutu, kaset ya manta komai. Na kaset ɗin tsere ya mutu bara, na dambe ya bi shi da azumi. Zakariya'u ya buɗe na ukun ya ɗora mita, ya ga allurar ba ta kaiwa inda ya kamata. In ya bari, wata rana zai kunna ya tarar babu Kolo. In ya cire pil ɗin don ya sa sabo, a daƙiƙar da ya cire shi ma komai ya tafi.

Hanya ɗaya ce. A cire murfin kaset, a soka shi tsirara a cikin na'urar, a kunna, na'urar ta riƙa ciyar da shi da wuta yayin da ake ɓamɓare tsohon pil a liƙa sabo. Amma dole wani ya riƙe na'urar kyam. In kaset ya ɗan goce, shi ke nan. Ya yi wata biyu da sabon pil a aljihu.

A ƙarshe Gaji ya kira. Bayan gudun nan ta zauna a Tumur, daga can ta koma bakin gudron, titin kwalta, cikin rumfunan leda, a nan mahaifiyarsu ta rasu. Yanzu a Diffa take, tana daka yaji tana sayarwa a kasuwar. Ranar Laraba da hantsi ta zo, lokacin da kasuwa ba hayaniya. Ina zaune a benci ina jiran rediyo, ba wanda ya ce in tashi.

Ya yi mata bayani sau biyu. Ta dubi na'urar, ta dube shi.

"Ya Zakari, wannan ne abin da yake sa shi dawowa gida a makare? Mu muna cewa mata ya ajiye a birni."

"Gara ma mata. Da ta ba shi amsa."

"Me ya sa ni? Ga masu gyara cike da layi."

Ya ci gaba da fifita gawayin da ya sa ƙarfen dalma a ciki, don bai yarda da kuran, wutar lantarki, ba a irin wannan aiki. "In zai tafi," ya ce, "ya tafi a hannun jininsa. Ni ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba."

Ta goge hannuwanta da gefen zane, jan yaji bai fita ba. Ta kafa gwiwoyin hannu a kan tebur ta riƙe. Ya kunna, sunan ya fito. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san siffar haruffan nan huɗu, don su yake rubutawa a buhunansa. Na ga leɓenta ya motsa.

"Kada ki kalli gilashin," ya ce. "Kalli bango."

Ya yi bismilla. Ƙafar pil ta farko ta saki da sauƙi. Ta biyu ta ƙi, dalmar ta tsufa, sai da ya mayar da ƙarfen cikin wuta. Wani mai adaidaita ya wuce da gudu, kwanon rumfa ya yi ƙara, Gaji ko gezau. Tsohon pil ya faɗo a kan tsumma. Daga nan har ya liƙa sabon bai kai minti ɗaya ba, amma ban ji numfashin kowa ba.

Ya kashe na'urar. Sai an kashe an sake kunnawa ake sani. Ya ɗora yatsa a kan makunnin ya kasa, ita ta tura masa yatsan.

Sunan ya fito. Ga rijiya, ga shi a tsaye.

Zakariya'u ya ce alhamdulillahi, ya jingina da bango ya rufe ido. Gaji kuwa ta matso da gilashin kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Ina mutanen garin?"

"Babu. Su muke nema."

"Shi kaɗai ne a nan? Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya bar shi."

"Shekara tara ka bar shi shi kaɗai a kufai?" Ba ta ɗaga murya ba. "Wanne ake dannawa ya yi tafiya?"

"Ya ce kada in taɓa."

"Kai ya faɗa wa."

Ya nuna mata. Ta danna da ƙarfi kamar mai murza barkono, ɗan mutumin ya juya, ya buge da bango, ya sake juyawa. Ta bi da shi tsakanin gidajen da ƙofofinsu suke buɗe, ta wuce awakin, ta wuce tsohuwar ba ta tsaya ba, ta hau hanya. Zakariya'u yana cewa hagu, dama, muryarsa ƙasa-ƙasa. Sun ɗauki lokaci kafin su isa wani gari mai kasuwa, inda 'yan mutane suke kai da kawo. Ta tsayar da shi a tsakiyarsu.

"To, bar shi a nan."

Ya gaya mata gaskiya. In ya ajiye shi a nan, ajiyar Kolo ta goge, wurin guda ɗaya ne. Tsayuwar da ya yi masa da hannunsa, da inda ya fuskantar da shi, ba za su dawo ba. In kuma bai ajiye ba, da an kashe zai koma bakin rijiya.

"Ajiye," ta ce.

Ya riƙe na'urar ya daɗe. Sannan ya ce, "Gaji, ki yafe ni," ya kashe bai ajiye ba.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauki tiren yajinta ta ɗora a kai, ta ce a gaida mutanen gida.

Na zaci ba za ta sake zuwa ba. Bayan mako ɗaya na tarar da ita a bencin, na'urar a hannunta, ta riga ta iya hanyar ba sai an faɗa mata ba. Haka take yi har yau, in ciniki ya lafa. Ta fitar da shi daga ƙauyen, ta kai shi cikin mutane, ta ajiye na'urar a kan tebur a kunne, ta tafi. Zakariya'u yana ci gaba da aikinsa, ba ya kallon wajen. Yakan bar ta a kunne har la'asar, wani lokaci har ya fara haɗa kaya, kafin ya miƙa hannu ya kashe.