Batir Mai Nema da Batir Mai Ci

Duk ranar da kuka ji na manta da safiyar da rabin unguwar Birkiteri ta Yawunde ta ɗauki niyyar tura Kawuna zuwa Makka da hannu, to ku kai ni asibiti, sunana ma na manta.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, mutumin Garwa, ina da ɗan garejin gyaran wayar mota a hanyar Messa. A shekarun nan turawa masu gashi har gadon baya sukan ratso Sahara, su iso Yawunde sun rame kamar kazar mayu, su sayar da mota su hau jirgi. Kawu, yayan mahaifiyata, mai atamfa a kasuwar Mokolo, ya sayi ɗaya: motar Jamus mai siffar burodi, ciki da gado da ɗan firigo, wato firij. Ya ce da ita zai bi ayarin alhazai ta Garwa, ta Cadi, ta Sudan. Jirgin sama, in ji shi, na ragwaye ne.

Batirin firigon ya mutu murus, sai Kawu ya sayo sabo ya ce in haɗa. Na zo da kayana na tarar da Kawu Ƙarami a gindin motar. Ƙanensa ne ciki ɗaya, wanda ya zo daga Kano gaisuwar mako guda tun kafin a sami 'yancin kai. Sana'arsa ba da shawara bayan an ci abinci.

Na yi musu bayani dalla-dalla. Batirin inji shi ne mai nema, shi ke ta da mota, dinamo mai yin caji ya mayar masa da abin da ya kashe. Na biyun nasa ci ne kawai, firigo da fitila. Jar waya za ta tafi ga ja, baƙa ta kama ƙarfen mota, fiyus kusa da kan batir, sannan makunni a tsakaninsu. In inji na aiki a kunna, dinamo ya ciyar da su tare. In an tsaya a kashe, kowa ya ci gashin kansa.

Kawu Ƙarami ya ɗauki makunnin da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera. "Me ka ce sunansa?"

"Faransawa na ce masa separater. Mai rabawa."

"Yaya, ka ji yaran zamani. Za ka ɗakin Allah da abin raba 'yan'uwa a ƙarƙashin kujerarka."

Daga nan ya kwance bakin buhun wa'azin zumunci. Ban taɓa sanin yana da karatu haka ba, ashe jira yake a taɓa fannin da ya shafe shi. Kafin ya gama idon Kawu ya kawo ruwa.

Ya juyo gare ni ya ce, "Haɗa su kai tsaye, ɗan nan. A gidana ba a raba kwano."

"Kawu, batir fa ba ya jin wa'azi."

"Kai ma ba ka ji, ga ka nan kana yawo da ƙafarka."

Na haɗa, na jefa makunnin a aljihu.

Labari ya bazu cewa akwai ruwan sanyi a motar Kawu. Nan fa masu sallama suka ɓarke. Akwai wanda ya yafe wa Kawu da safe, ya dawo da azahar ya sake yafe masa, la'asar ma ya tuno wani laifin, kowace yafiya da kofinta. Har daga unguwar Madagaskar aka zo yafe wa mutumin da ba a taɓa gani ba. Kawu Ƙarami ya naɗa kansa sarkin firigo. Na ce a riƙa ta da injin ko kaɗan, Kawu ya ce ba mai ƙona masa man Makka a Yawunde.

Ranar tafiya motocin ayari suka jeru a bakin masallaci. Jagoransu ya riga ya faɗa cewa ba ya jiran kowa, kuma hanyar Sudan ba a bin ta mota ɗaya. Liman ya yi addu'a mai tsawo, mata suka yi kuka har da majina, Kawu ya yi wasiyya, ya yafe wa maƙwabcin da akuyarsa ta cinye masa turmin atamfa. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa mabuɗi.

Ƙyat. Ƙadangare ma in ya haɗiyi yawu ya fi haka ƙara.

"Sammu ne," in ji Kawu Ƙarami daga gadon motar, don har da shi a tafiyar.

Aka ce a tura. Teloli, mahauta, masu tsire, har Liman ya naɗe hannun riga. Muka gangara da ita, muka hau tudu da ita, har unguwar Ekudu, ko tari ba ta yi ba. Wata tsohuwa da ta fi kowa kuka ɗazu ta ce, "In haka za a je, a ba mu namu guzurin." Kawu Ƙarami dai bai sauko ba, wai yana riƙe ƙofar firigo kada ta buɗe.

Sai ga ayari ya wuce mu, ana ta ɗaga mana hannu. Na dubi Kawu na ga fuskarsa ta yi toka. Mutumin da aka gama yi wa kukan rabuwa, ya koma gida a zuba masa tuwon rana? Da wane ido zai shiga Mokolo?

Na tare wani mai tasi, na cire wayar batir na biyu, na jona na tasin. Murɗawa ɗaya mota ta yi gurnani.

Kawu ya leƙo ta taga. "Wanne ne ya mutu a cikinsu?"

"Duka biyun, Kawu. Ƙanin ya cinye nasa, ya juya ya cinye na yayan."

Ya ɗaga ido ya kalli madubi, inda Kawu Ƙarami ke kishingiɗe a gado yana yagar kilishin guzuri.

"Mai rabawar nan yana aljihunka?"

"Yana nan."

"Sa shi. In kuma Faransawa sun yi na mutane, ka nemo min babba kafin in dawo."

A garin Obala suka cim ma ayari. Da suka dawo, Kawu ya kafa wa ƙanensa tebur a Mokolo, ya saya masa tukunya tasa. Kawu Ƙarami ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ya yi ƙiba da guminsa, abin da likitoci ba su taɓa zato ba.

Tun ranar, duk wanda ya kawo min batir biyu sai na ba shi karatun kyauta: zumunci a ja masa waya mai kauri, amma a sa makunni a tsakani. In ba haka ba, ranar tafiya da mai nema da mai ci duk tura su za a yi.