Shekara Uku Waya Tana Jakar Wietske

Shekara goma sha ɗaya Wietske Dijkhuis ta yi a ƙungiyarmu ta birnin Groningen, mai tsaya wa 'yan gudun hijirar da ake shirin mayarwa ƙasarsu. Malamar firamare ce, doguwa, kullum da burodi da cuku a aljihun rigar ruwanta, kuma sau da yawa haka take komawa gida da shi ba ta ci ba.

Mu ba mu da shugaba, abin taƙamarmu ke nan. Wayar gaggawa ɗaya gare mu, a ƙa'ida mako-mako take zagayawa. Amma mutanenmu, ka ce su riƙe waya, sai kowa ya zaro littafin alƙawuransa yana tsaki. Haka wayar ta yi shekara uku a jakar Wietske.

Ran nan a taro ta ce, "Jama'a, na gaji. Ko sunayen ɗalibaina ɓace mini suke yi."

Duk muka ɗaga hannu muna kaɗa yatsu, yadda muke nuna goyon baya. Siebren, mai rubuta bayanin taro, ya ce, "Kai, wannan babbar magana ce! A kafa kwamitin gajiya. Wa zai riƙe?"

Kowa ya ƙura wa kofinsa ido. Ƙarshe dai Wietske ce ta ɗaga hannu.

"Kin gani? Ke ai ƙarfe ce," in ji Siebren, muka yi dariya. Har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Wata Talata da rana, Tesfalem, ɗan Eritiriya da take bin shari'arsa, ya je sa hannu a ofishin shige da fice aka tsare shi. Sau tara ya kira wayar gaggawa. Da lauya ya ji kafin ƙarfe biyar, da an dakatar da tafiyar. Wietske tana zaune a kicin, wayar tana ruri a gabanta, hannunta ya ƙi ɗaguwa. Washegari aka sa shi a jirgin sama, aka mayar da shi ƙasarsu.

A taro na gaba ta ajiye wayar a tebur. "Ni na sa shi a jirgin nan," ta ce, ta fita ta hau kekenta. Koyarwar ma ta bari. Yanzu in ta hango mu sai ta tsallaka titi.

Ranar taron ba wanda ya ƙaryata ta. Ni ma na yi gum, alhali takardar zagayen waya tana manne a bango bayan kujerarta. Sunana ne a kan makon da aka tsare Tesfalem.