Rumbun da Ba a Buɗewa da Rani

A ƙauyenmu, can wajen Maijirgi, idan an gama kaka aka ɗaure hatsi dami-dami aka zuba a rumbu, maigida yakan fitar wa matar gida da ɗan abin da ya ga dama, sannan ya kifa jinka a kan rumbun ya ɗaure. Shi ke nan kuma. Rumbun gandu, wato na babbar gonar gida, ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da hannu ke bukatar ƙarfi. Kafin nan maza su tafi cin rani, mace kuwa ta ci da kanta da 'ya'yanta daga gamanarta, 'yar gonar da miji ya yanka mata. Mace ba ta leƙa rumbun gandu, balle ta sa hannu. Haka muka tarar, kuma ba zan ce al'adar ba ta da dalili ba, domin wanda ya cinye hatsinsa da rani, da damina a gonar wani zai yi noma.

Sai dai al'ada a hannun mutane take. Maza da yawa, idan suka ga idanun yara sun faɗa, sukan zaro dami ɗaya da sassafe su jefa a tsakar gida, su wuce kamar ba su ba. Babana ba ya cikinsu. Shi ko cin rani ba ya zuwa, don kada a taɓa masa rumbu a bayan idonsa. Kullum da safe, kafin ya tambayi kowa yadda ya kwana, sai ya zagaya rumbun ya dudduba igiya, ya daddanna zana. A garin nan babu wanda ya kai shi iya noma, babu kuma wanda ya kai shi rowa, har abokansa sukan ce ko tsuntsu ya gifta ta kan gonarsa sai ya so ya duba masa baki.

Ina yarinya aka yi wata shekara da fara ta sauka a gamanar Inna, uwata, ta bar mata kara tsaye. Abin da Baba ya fitar mana bai kai tsakiyar rani ba. Muka koma dusa da anza, 'ya'yan wani icen daji masu ɗaci waɗanda sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan kafin su ciyu. Ina da ƙane da ba a daɗe da yaye shi ba. Cikinsa ya kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina kuka mai ƙarfi. Inna ba ta iya buɗe baki ta ce wa miji ya buɗe rumbu, ba a yin haka, sai ta bi ta hannun wani amininsa. Amsar da aka kawo mata ba ta da tsawo.

"Sai ruwa ya sauka. In na buɗe yanzu, wa za shi yi mani noma?"

Zawo ya kama yaron, ya rasu kafin ruwan. Aka ce kwanansa ne ya ƙare, mu ma muka ce haka. Washegari Baba ya kwance igiya ya ɗage jinka, ya fitar da hatsi don a yi gumbar sadaka ga masu zuwa gaisuwa, kada a ce an zo gidansa an tashi baki bushe. Na ci gumbar nan, na ƙoshi, ƙoshin da rabona da shi tun kaka. Tun ranar ban sake kallon ubana da ido irin na da ba, kuma har Inna ta bar duniya ban taɓa jin ta yi maganar ba.

Na girma, na yi aure a wani ƙauye kusa da garin Sarkin Hausa, na haifi biyu, namiji da mace. Mijina ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, can arewa, da farko yana kira ta wayar wani maƙwabci, daga baya shiru. Sai aka yi daminar da ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki, bai fitar da kai ba. Uwar mijina tsohuwa ce, ita ma ciyar da ita ake yi. Da zafi ya fara na ga babu mafita, na ɗora yarana a amalanken wani mai zuwa kasuwa, daga can muka hau kabu-kabu zuwa gidan ubana. Abu ɗaya ne a raina duk tsawon hanya: yadda yaran nan biyu za su kai kaka da ransu. Na san shekarun 'yata ba su fi na ƙanena lokacin da ya rasu da yawa ba, na kuma san gidan da za ni.

Baba bai sake aure ba bayan Inna. Mutane suna cewa son ta ne, ni na san baki ne ba ya so a ƙara masa. Matar ƙanensa ce ke dama masa fura, yana auna mata daga wani ɗan buhu da ke ƙarƙashin gadonsa. Rumbu kuwa yana nan a bayan gida, cike, har da ragowar bara, a shekarar da rumbunan mutane iska ke ratsa su.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi yaran, ya dubi ƙunshin kayanmu.

"Kun taho? To, sannunku. Gamanar uwarki tana nan, ba wanda ya taɓa ta."

Gona ce ya ba ni, a tsakiyar rani, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Na ce na gode, Baba. Na rantse a raina ba zan roƙe shi ba, kuma ba zan aika kowa ya roƙar mini ba. Na riga na san amsar.

Na shiga yi wa mata sussuka da surfe a gidajen da ke da ɗan hali, a sallame ni da dusa da ɗan tsaba a gindin kwano. Na koma dajin da Inna ta koya mini, na nemo anza da ganye. Ɗana yana da wayo, yana cusa abin da aka ba shi ya yi shiru. 'Yata ce ba ta iya haɗiyar anza, tana sawa a baki sai ta tofar. Na fara duba gashinta a rana, ina neman jan nan da na sani.

Akwai wasa tsakanin kaka da jika a wajenmu. Tsoho yakan kira jikarsa mace matarsa, ita kuma ta ce da shi mijinta, ta zage shi son ranta, ta ce ya tsufa, ba shi da haƙora, kuma ba mai cewa ta yi rashin kunya. Wannan wasan Baba yana yin sa, tunda ba a auna shi da tiya. Yana ganin 'yata sai ya ce amarya, ita kuma ta murguɗa masa baki.

Wata rana da hantsi yana zaune da abokansa a inuwar icen bedi kusa da rumbu, ni ina ɗiban ruwa a randa daga cikin gida, ina hango su ta darni. Kaji sun taru a ƙarƙashin rumbun suna tsattsagar 'yan ƙwayoyin da ke zubowa ta tsakanin zana. Ya tashi da sanda zai kore su, don ko kaji ba ya bari. Kaji suka watse, sai ga 'yata ta rarrafo daga ƙarƙashin rumbu, bakinta duk rairayi, hannunta a dunƙule. Ashe kwanaki ke nan tana shiga can tana tsince ƙwaya a ƙasa tana tauna ɗanye, ban sani ba.

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Amarya, mi kike yi nan?"

Ta dube shi, ba ta ko yi murmushi ba. "Kai ba miji ba ne. Kaji sun hi ka, su suna bar mani."

Tsofaffin nan suka bushe da dariya. Wani ya ce, "To hwa, ta sake ka!" Wani ya ce ai shi zai aure ta, ko ba komai yana da dusa. Abin da uwata ta mutu da shi a ciki, abin da ni na haɗiye tun ina yarinya, 'yar mitsitsiyar yarinya ta faɗe shi a bainar jama'a, al'ada kuma ta ba ta dama. Baba bai yi dariya ba. Ya tsaya da sandarsa a hannu yana kallon hannun nan nata a dunƙule. Da abokan suka tashi, na ji motsin igiya a bayan gida. Babu ko ɗigon gajimare a sama, ubana ya ɗage jinkar rumbu.

Har yau ban san ko tausayi ne ya buɗe rumbun nan ko kunyar abokai ba. Nakan so in ce kunya ce, don ta fi kama da shi.

Dami ɗaya ya jefo, ƙarami, ya ce na yaran ne kawai, in yi a hankali. Amma a shekarar yunwa ƙarar taɓarya ba ta ɓoyuwa. Kafin in gama dama fura yaran maƙwabta sun cika ƙofar gida, sun zuba ido. Baba ya ɗaga sanda ya ce kowa ya tafi gidan ubansa. Suka ja baya kaɗan suka tsaya. 'Yata kuwa ta sha ludayi ɗaya ta miƙa wa ƙawarta, ƙawar ta miƙa wa ƙanenta, kamar yadda yara suka saba, kafin a ankara ƙwarya ta yi fes. Ya yi ta faɗa, ya ce an mayar da shi sakarai a gidansa. Washegari dami biyu ya jefo.

Haka abin ya tafi, ba da daɗin rai ba da farko. Yana fitarwa yana mita, yana cewa na yau ne na ƙarshe. Daga baya ya ce manyan yara suna danne ƙanana, don haka shi zai riƙe ƙwarya da kansa. Ya zauna a tabarma da ludayi, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya, ƙarami kafin babba. Ya san wanda uwarsa ba ta da lafiya, ya san wanda ke ɓoye dunƙulen fura a riga don ya kai wa na goye, ya daina yi masa tsawa, ya ƙara masa. Wata rana na ji shi yana dariya ta gaske, wani ɗan Fulani da suka sauka a bayan gari ya ja masa gemu. Ban taɓa sanin sautin dariyar ubana ba sai ina da 'ya'ya biyu.

Mata suka fara shigowa suna sa masa albarka. "Allah ya ba ki uba, ke kam," in ji wata a bakin rijiya. Na ce amin, na ɗauki tuluna. Me zan ce mata? Ni ce mai sussukar, ni ce mai dakan, hannuwana duk kanta, ina ciyar da 'ya'yan gari da hatsin da aka hana ɗan uwana. Ina murna 'yata ta fara cika, kumatunta sun dawo, tana guje-guje. Ina murna, wallahi. Amma duk ludayin da ya miƙa wa ɗan wani sai na tuna ƙanena, don dami ɗaya ko biyu ne Inna ta nema a wancan lokacin, ba rumbu ba.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Da ya sauka muka yi shuka da irin da ya ware, amma yara ba su daina zuwa ba, shi kuma bai kore su ba. Ƙanensa ya zo ya yi masa magana, ya ce Yaya ka yi tunanin noma. Baba ya ce ya ji. Kafin a gama noman farko an share gindin rumbu da tsintsiya.

Abin da ya guda duk rayuwarsa shi ya same shi. Mutumin da ya sha yi wa masu ƙwadago dariya, yana cewa sun ci damina tun da rani, sai ga shi da furfurarsa ya saɓi doguwar hauya ya tafi gonar wani ɗan kasuwa, yaron da aka haifa a gabansa, yana noma daga safe zuwa azahar a biya shi da tiyar hatsi. Tasa gonar sai da yamma, idan da sauran ƙarfi, ciyawa ta cinye rabinta. Ni da ɗana muka yi abin da za mu iya. Tiyar da ya kawo ni yake miƙa wa, ba ya ko buɗe bakin buhun.

Lokacin da hatsi ya fara fitar da kai, na san yarana sun tsallake, sauran 'yan kwanaki a fara gasa tumu. A cikin kwanakin nan ne na kai masa fura a gonar ɗan kasuwan, tsararo, ruwa ya fi gari yawa. Na same shi a ƙarshen kunya ya jingina da ƙotar hauya, rigarsa ta manne da ƙashin bayansa. Na durƙusa na miƙa masa ƙwarya. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai kusa da baki, sai ya tsaya.

"Yara sun sha?"

"Sun sha, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Sannan ya kafa kai. Ina durƙushe a cikin rairayi ina kallon maƙogwaronsa yana hawa da sauka, na nemi tausayinsa a zuciyata, na same shi, amma ba shi kaɗai ba. Ashe mutumin nan ya iya wannan tambayar. Ashe tana cikin bakinsa tun da can, ba mu ne dai ta fito dominmu ba. Ya miƙo mini ƙwaryar ya ce Allah ya yi mini albarka. Ban iya cewa amin ba, na karɓa na juya.