Hannun da Lallensa Bai Bushe Ba

Tun da Hajiyar ta miƙo min hannuwanta jikina ya ba ni. Gidan biki ne a Kambarawa. Duk wadda zan yi wa ƙunshi, ni ke cewa ta cire zobe. Wannan da kanta ta cire, ta ajiye dab da gwiwata, ta kau da kai. Amma akwai madubi a bango, kuma ta cikinsa take kallona.

Bari in koma baya. Na gama sakandare, jarrabawa ba ta yi kyau ba. Ƙawayena suka wuce gaba, suka bar ni a Ƙofar Kaura ina wanke-wanke. Gari zai waye ban san abin da na tashi yi ba. Zanen lalle kaɗai na iya. Wata mata da muke kira Anti ta ga zanena, ta riƙe hannuna ta ce, “Wannan hannun ba na wanke tukunya ba ne.” Wallahi na manta rabon da a yabe ni. Ita ta riƙa samo min gidajen biki.

Mace in lallenta bai bushe ba, ba ta da hannu. Ke za ki gyara mata ɗankwali, ke za ki ba ta ruwa a baki. Da farko tambaya kawai Anti take yi: a wane ɗaki ake ajiye sarƙoƙi? Daga nan sai ta ce in ɗauko mata ɗan kunne. Daga nan ta koya min tura zobe ƙarƙashin kwaɓin lalle, in fita da kwanona ba mai dubawa.

Ranar na ga madubin sarai, amma Anti na tsakar gida tana jira, kuma ita na fi tsoro. Na tura zoben. Hajiya ko murya ba ta ɗaga ba.

“Mi kike nema cikin kwano, ɗiyata? Ba ke kika yi wa ƙanwata ƙunshi a Batagarawa, zobenta ya ɓace ba?”

Ta damƙe wuyan hannuna da ɗanyen lallenta. Har aka kai ni gidan yari shatin yatsunta bai goge ba. Anti kuwa ko ƙurarta ba a gani ba, amma na faɗa wa ’yan sanda duk abin da na sani.

A can wata sabuwar fursuna ta raɗa min, “Anti na gaishe ki.” Daga ranar na daina cin abinci sai na ga wata ta fara. Kowa ta yi min murmushi, sai in ce ’yar aike ce.

Ana gobe Sallah ganduroba ta bari aka shigo da lalle. Wata tsohuwa ta ce, “Ke mai ƙunshi, zo ki yi min, ko na ji ni ma mutum ce.” Ina cikin zane barci ya ɗauke ta, hannunta cikin nawa. Ba ta da zobe, ba ta da komai, yarda ce kawai ta ba ni. Na zauna ina kore mata ƙuda har ya bushe, ina hawaye. A nan na san abin da zan tashi yi kullum. Kafin in fito, na koya wa wasu zane.

’Yan uwana mata, in zaman banza ya ishe ku, ku yi hattara da mai yabon da ke biyo shi da tambayar ɗakin mutane. Ni yabo ya saye ni.

Na fito, na nemi gafarar Allah da ta mahaifiyata Inna, amma ko Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗauka ’yan aiken Anti ne. Jiya bayan la’asar aka yi sallama, na ɓuya bayan ƙyaure. Ashe ’yar sandar da ta riƙe maganata ce.

“Fito, matsoraciya. An kama Antin taki, ita da ’yan aikenta. Ba mai taɓa ki.”

Na fito daga bayan ƙyauren. Ta zauna kan tabarma, ta ce biki gare ta, ta fara zare zobenta.

Na ce, “Ranki ya daɗe, miƙa wa Inna ta riƙe.”