Solar da na sa wa Inna

Da azahar na isa gidanmu a Gwaram, na tarar da Inna tana fifita da faifai, zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Ga fankarta a gefe, ko motsi ba ta yi.

"Inna, ina solar da na sa miki?"

Ta sunkuyar da kai. "Yayanka ya kwance ya kai shagonsa na cajin waya. Wai man janareta ya yi tsada, ni kuwa na saba da zafi."

Tsohuwar da hawan jini ke kwantarwa duk bazara!

Ko ruwa ban sha ba, na je shagon na kwance abina a gaban jama'a. Yanzu dangi na cewa na ci mutuncin babba.

To, mutuncin uwa fa? Ku gaya mini.