Malama Tha

Yayata Amatullahi ba ta tsoron maciji, ba ta tsoron shiga kwalekwale ko da ruwan madatsar Bakolori ya cika, amma da an ambaci likitan haƙori sai jikinta ya ɗau ɓari. Ni Saratu, ƙanwarta, na san dalili, don tare muka gani.

A Maradun aka haife mu, gidan malamai. Muna 'yan mata ciwon haƙori ya matsa wa Gwaggonmu, aka kai ta wurin wani mai cire haƙori a kasuwa, ya sa awartaki ya fizge. Kafin kwana uku wuyanta ya kumbura har ya haɗe da haɓa, numfashi ya gagara. Rana ta biyar aka yi mata sutura. Tun daga nan Yaya ta rantse ba mai sa mata ƙarfe a baki.

Aure ya kai ta Bakura, ni ma daga baya na bi sahu. A tsakar gidanta ta buɗe makarantar matan aure, yau shekara ashirin da 'yan kai. Matan suka laƙaba mata Malama Tha, saboda harafin nan na Larabci da sai kan harshe ya taɓa haƙoran sama guda biyu yake fita. Mu "summa" muke cewa, ita kuwa sai "thumma", kuma ko kin haifi goma sai ta sa kin zaro harshe a gaban jama'a. Ni ta fi gasa wa aya a hannu. Kullum cewa take kunnena lafiya lau, harshena ne rago.

Kada a ce ƙazama ce. Ba ta alwala sai da aswaki. Sai dai gaggawa take yi, ta goge inda ido ke gani, ta bar ciki da gindin haƙora. Ga goro kullum a baki, ga raken gonar mijinta. In ta ga jini a aswaki sai ta ce mataccen jini ne yake fita. A hankali datti ya daskare a bayan haƙoran kamar ƙanzo a gindin tukunya, bakin ya soma wari. Duk mun ji, ba wadda ta faɗa. Wa zai ce wa Malama bakinta na wari? Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Wata Laraba bayan la'asar tana cikin biya mana karatu sai ta tsaya cak, ta rufe baki da hannu, ta sallami kowa. Da muka rage mu biyu ta ja ni ɗaki, ta tura haƙoran da harshe. Na saman nan biyu suna motsi, ɗaya na ƙasa kuwa lilo yake yi. Idonta ya cika da ƙwalla.

Na ce mu tafi asibitin garin Talata Mafara, ta ce ko kusa. Wata maƙwabciya kuma ta ƙara hura wuta, wai wankin haƙori na asibiti ne ke zubar da haƙora, don dattin ne yake riƙe da su. Wata biyu Yaya tana tsakanin tsoro biyu. Ta bar goro, ta koma kunu da fura, ta rame. Karatu ma a ciki-ciki take yi, ba ta yarda harshe ya taɓa haƙoran.

Ran nan mu goma sha huɗu muka karanta "summa" baki ɗaya a gabanta, ta sunkuyar da kai, ba ta gyara mana ba. Raina ya ɓaci. Da aka watse na tsaya a kanta.

"Yaya, shekara ashirin kina wahal da mu, yau mun ce summa kin ƙyale. In haka na, mu koma gidan jiya, mu huta."

Ta ce, "In na tahi awa Gwaggo fa?"

"In kin zamna ma haƙoran zuba za su yi."

Washegari muka hau mota. Tun daga Bakura har Mafara tasbihi take ja.

Likitar, wata matashiya mai suna Na'ima, ta duba ta ce ciwon dasashi ne, ya daɗe yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙora. Na ƙasan ya gama, sai cirewa. Na saman za su iya tsira in an kankare dattin, in kuma za ta riƙa bin gindin haƙora ciki da waje, da buroshi safe da dare, aswakin ma a nutse, ta kuma dawo bayan wata shida.

"Ɗiyata," in ji Yaya, "na ƙasa ki ɗauka. Na bisa biyun ga ba nawa ba na, na karatu na."

Da injin ya fara ƙara ta damƙe hannuna tana kalmar shahada. Aka cire na ƙasan, aka kankare sauran. Shatin farcenta ya kwana uku a jikina.

Bayan mun dawo ba abin da muke yi sai ƙirga kwanaki. Kowace safiya sai na shafa wuyanta, ita tana kallon fuskata. Kwana biyar suka wuce, wuya bai tashi ba. Rana ta shida ta aika aka kira ni, ta rufe ƙofa, ta buɗe Alƙur'ani.

"Ke ad da kunne. Saurara, ki hwaɗa min gaskiya."

Ta karanta. "Thumma" ta fito tsaf, yadda na san ta tun ina yarinya. Amma harafin sin na Bismillah ta giɓin ƙasa yake zurarewa, da 'yar iska a bayansa. Na so in yi mata ƙarya, na kasa, na faɗa mata.

Hawaye ya gangaro mata. Can ta share da bakin mayafi, ta turo min Alƙur'anin.

"To, gobe ke za ki buɗe muna da Bismillah. Yanzu zaro halshen ga, mu ji thumma."