Idon Kyamarar Mahaifina da Aka Daka a Turmi

Sallama gare ku ma'aikatan wannan mujalla, da duk wanda zai karanta wannan shafi. A lokacin da abin nan ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a cikin garin Haɗejiya, ban kai shekara talatin ba, maigidana kuma manomin shinkafa ne a fadamar Auyo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne tun zamanin fim, na tashi ina jin warin ruwan wankin hoto a jikin rigarsa. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai sana'ar ta shiga raina, amma da yake ni mace ce babu wanda ya kula, har shi kansa. Da ya rasu aka zo rabon gado, yayyena maza suka kwashi abin da suka ga yana da amfani, ni kuma aka turo mini wani tsohon akwatin ƙarfe cike da tarkacen aikinsa, aka ce in ajiye don tunawa da shi.

Da waya na fara ɗaukar hoto a gidajen suna da biki, kuma mata suka so abin, don babu macen da ke jin daɗin ƙato ya faɗo tsakar gida da kyamara alhali ta ajiye mayafinta. Wata shekara da shinkafa ta yi kyau, maigidana ya je Kano ya sayo mini kyamara ta hannu, irin ta zamani da ake kira marar madubi. Bawan Allah bai san cewa idonta, wanda masu sana'a ke kira lens, daban ake sayar da shi ba, kuma sabo ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Muka zauna da kyamara babu ido kamar makauniya. Nan na tuna da akwatin mahaifina. Na buɗe na tarar da tsofaffin idanu guda biyar, masu nauyi, ƙarfe zalla da gilashi, kowanne a naɗe cikin tsumman rawani.

Akwai wani mutum da mahaifina ya koya wa sana'ar tun yana saurayi. Ya yi shekaru yana cin tuwon gidanmu, mahaifiyata ta yi jinyarsa da hannunta lokacin da shawara ta kusa kashe shi, mu kuma Yaya muke ce masa. A lokacin shi ke da babban shagon hoto a unguwarmu, kusan duk biki shi ake kira. Wajensa maigidana ya kai ni da akwatin, don ya duba ya gaya mana ko akwai wanda zai hau sabuwar kyamarar. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Ya ce duk sun mutu, kayan gwangwan ne, wanda gilashinsa ya yi ruwan ɗorawa kuwa ya ce ya ruɓe gaba ɗaya. Ya ce hoto ba aikin mata ba ne, in koma in yi ta sayar da turaren wuta, akwatin kuma in bar masa ya rage mini shirgi. Sai dai ina kallonsa lokacin da ya zare mai ruwan ɗorawar nan ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa. Na miƙa hannu na ce, “Yaya, wancan ma na Baba ne, miƙo mini.” Ya miƙo yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce zan dawo da ƙafata.

Ban koma ba. Na zauna da wayata ina kallon bidiyon masu koyarwa, abin da ban gane ba in maimaita har ya shiga. Na koyi haska tocila ta cikin gilashi in duba ko fumfuna ta yi saƙa a ciki, in murɗa zoben saiti in ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa, in buɗe ƙofar haske in rufe in ga ko 'yan ganyayyakinta sun jiƙe da mai. Biyu daga ciki fumfuna ta cinye su, ɗaya ya cije ko motsi ba ya yi. Biyu suka rage lafiya lau: wani dogo mai jawo nesa, da kuma gajeren nan mai ruwan ɗorawa da aka ce ya ruɓe. Duk biyun gindinsu murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba, don haka adafta guda ta ishe su, wani zoben ƙarfe ne kawai da ke shiga tsakanin tsohon ido da sabuwar kyamara. Wani direban motar Kano ya taho mini da ita.

Waɗannan tsofaffin idanu ba sa saita kansu, da hannu ake murɗawa har hoto ya fito. Na sha wahala kafin hannuna ya faɗa. Duk sanda maigidana zai je gona sai in bi shi a bayan babur, in tsaya a bakin kogi ina gwaji a kan masunta da gorarsu, da balbela a bayan shanu, da kwalekwale yana kutsawa cikin ciyawar kacala. Abin da ke motsi shi ya koya mini sauri. Ranar da na fara ɗaukar fuskar 'yata da gajeren idon nan, na zauna a kan kunyar gona na yi kuka. Fatarta ta fito da wani irin ɗumi kamar hasken la'asar, bayanta kuma ya narke ya yi laushi. Irin hoton da mahaifina ke yi ne sak.

Kafin damina ta zagayo sunana ya shiga gidaje. Mata suka riƙa cewa kyamarata tana fito da mutum da kyau ba tare da an shafe masa fuska kamar aljana ba. Aka fara kirana Auyo, aka kira ni Kirikasamma. Yawancin masu biki suka koma raba aikin biyu, maza su kira Yaya wajen ɗaurin aure, cikin gida kuma ni. Ban ƙwace masa ko mutum ɗaya a waje ba, cikin gida kuwa dama can ba wurinsa ba ne.

Sai na fara ganin canji. Wadda ta kira ni suna ta aiko cewa an fasa hoto. Wata na ɗaga kyamara ta ja zane ta rufe ƙirjinta ta juya baya. Ban san dalili ba, ashe wani saƙon murya ne ke yawo a wayoyin mata. Daga baya aka kunna mini shi, kuma ko cikin barci na san muryar, ta Yaya ce. Bai ambaci sunana ba. Cewa ya yi yana jan hankalin iyaye mata don Allah, akwai wata mai hoto da ke amfani da tsohon gilashin Turawan yaƙi mai launin ɗorawa, gilashin yana ratsa tufafi ya nuna tsiraicin mace, kuma an ce ana sayar da hotunan a waje. Ya ce shi masani ne a harkar, ya riƙe gilashin da hannunsa. Mace mai hoto kuwa a yankinmu a lokacin ni kaɗai ce.

Duk wannan ban ji shi ba tukuna ranar da na tafi wani biki a wani ƙauye bayan Auyo. Ambaliya ta yanke hanya a shekarar, sai da kwalekwale muka shiga. Amaryar ce da kanta ta nace sai ni. Na fara aiki lafiya, na ɗauke ta ana yi mata lalle, na ɗauke ta da ƙawayenta da mahaifiyarta. Bayan azahar gida ya cika, ina durƙushe ina saita ido, sai na ji an fizgi igiyar kyamarar ta baya har wuyana ya shaƙe. Gwaggon amarya ce, wata doguwar mata mai carbi a wuya. Ta ɗaga kyamarar sama tana nuna wa jama'a gilashin, tana cewa ga shi nan, ga ruwan ɗorawar da aka faɗa. Gida ya kaure da salati. Mata suka yi ta rarumar mayafai, wasu suka ruga ɗaki, wasu suka yo kaina. Aka kira ni 'yar iska, aka kira ni dillaliyar tsiraici, wata ta tofa mini yawu a fuska, wata ta fizge ɗankwalina. Ina rantsuwa ina roƙo su bari in kunna musu hotunan su gani da idonsu, gwaggon ta ce ai na ɓoyen ba zan nuna ba.

Ta yi ta kiciniya har ta murɗe idon ya fita, ta wurgar da kyamarar kan tabarma. Akwai turmi a gefe da aka gama daka yaji. A ciki ta jefa shi. Na kama ƙafarta ina cewa, “Gwaggo, don girman Allah, na mahaifina ne, ya rasu.” Ta ce to ya tashi ya karɓa. Ta ɗaga taɓarya. Har yau in maƙwabta suna daka, sai na ji ƙarar farkon nan a cikin haƙorana. Matan da na ɗauka suna murmushi da safe su ne suka tsaya suna cewa ta ƙara.

Mai unguwa ne ya shigo ya fitar da ni, ba takalmi, kaina a buɗe, kyamara a rungume. Mai kwalekwalen da ya kawo ni ya ce ba zai ɗauke ni ba. Na zauna a bakin ruwa cikin rana mutane suna leƙena, har maigidana ya samo wani masunci suka zo. Maigidana ya cire hularsa, ya yage rawanin da ke kafaɗarsa ya rufa mini.

Maigidana bai bar maganar ba, ko da yake mahaifiyarsa ta ce a rufe, in kuma daina sana'ar. Ya kai ƙara gaban dagaci. Aka tara dattawa da liman, aka kunna duk hotunan da ke cikin kyamarar ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaura dogon idon da ya rage, liman da kansa ya leƙa ya kalli jama'a, ya ce shi riguna kawai yake gani. Aka kira Yaya. Ya zo da babbar riga yana murmushi, ya ce shi bai kama sunan kowa ba, “an ce” ya ce, kuma ai nasiha ce. Ya juyo ya ce mini haba ƙanwata, ai ni da ke ba ta ɓaci. Aka ce ya ba ni haƙuri, ya bayar a tsaye. Gwaggon kuwa ko zuwa ba ta yi ba, aikowa ta yi cewa ita kare mutuncin 'ya'yanta ta yi. Dattawa suka ce in yafe, zumunci ya fi gilashi. Aka tashi, suka ɗauka na yarda.

Ban yafe ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Saƙon ƙarya ya shiga kowace waya, amma abin da liman ya faɗa bai wuce zauren dagaci ba. Na fi shekara babu mai kirana. 'Yata ta dawo daga Islamiyya tana tambayata mene ne tsiraici. Na nemi irin wancan idon a Kano na samu mai kama da shi, yana aiki, amma ba shi ne mahaifina ya riƙe ba. Wata rana amaryar ta zo gidana a ɓoye da goyo a bayanta, tana kuka, ta ce ba ta da hoton bikinta ko ɗaya. Ita ba ta yi mini komai ba. Na wanke mata duk wanda na ɗauka a safiyar nan, amma duk inda gwaggonta ta fito na yanke ta, ko da hannunta ne kawai a kafaɗar wani.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ci abincin gidanku ba lallai ne ya so ki ci naki ba. Ke da kike son shiga wannan sana'a da tsofaffin kayan gado, ki koyi duba su da kanki, tocila da haƙuri sun ishe ki, kada ki kai su gaban wanda cinikinsa zai ragu in kin iya. Da na san haka, da tun ranar farko a kowane gida sai na miƙa wa babbar mace kyamarar ta leƙa da idonta kafin in ɗauki kowa, yadda nake yi yanzu. Ku kuma mata 'yan uwana, da ku nake, don namiji ya yi magana ne kawai, hannun mace ne ya ɗaga taɓarya. Duk wadda ta tura saƙon nan gaba ba tare da ta tambaya ba, da ita aka yi dakan. Wasunku yanzu kuna kirana suna da biki kamar ba a yi komai ba, ina zuwa, ina ce muku ku yi murmushi, kuna yi. Amma ku sani na riƙe fuskar kowace ɗaya da ta tsaya a tsakar gidan nan, kuma akwai ranar da za mu tsaya gaban wanda ba a ce masa “an ce”.